Neman jatan lande a Asejire

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Sabo, ni da yayana, ina rungume da ƙaramin bokiti mai murfi. Malamar bayoloji ta ce ranar Litinin kowa ya zo da jatan lande ɗanye, mai taurin ɓawo, ƙafafu a cike, mu feɗe shi, mu zana, a ba mu maki. Na kasuwa duk busassu ne, a kakkarye, shi ya sa muka nufi bakin ruwan Asejire.

Daga Mokola muka matsu a tasi, can gaba muka canja bas. Kuɗin mota ya tashi, har Yaya ya ce da tsire muka fito nema da bai ji ciwo ba.

Bakin ruwan ƙaurin kifin banda ne ko'ina, mata na ta kiran masu saye. Ina jin Yarabanci, amma kunya ba ta barina ciniki. Na tsuguna gaban daron wata tsohuwa ina ɗaga jatan landenta masu rai ɗaya bayan ɗaya, ina duba ƙafafu da gashin baki. Da na daɗe, ta tambayi Yaya ko miji nake zaɓa. Na ɗauki guda, babba, lafiyayye.

Bayan azahar muka iso gida. Na buɗe bokiti, na ga biyu.

"Yaya, ɗaya fa na saya."

"Gyara ta yi miki."

Inna ta leƙo daga wajen suyar awara. "Ko haihuwa ya yi a mota?"

Na taɓa na farko, ba nauyi, fanko ne, a tsage ta baya. Na biyun na motsi, amma jikinsa luɓus kamar jiƙaƙƙen burodi. Na rasa wanne ne nawa. Na ruga ɗaki na buɗe littafi, sai ga babin da na haddace: saɓa ya yi, kuma sabon ɓawon ba zai yi tauri kafin Litinin ba. To, in zana ƙafafun daga tsohon ɓawon. Ina karatu har la'asar. Da na dawo, jatan landen ya cinye rabin tsohon ɓawon. Wannan ma yana cikin babin, a shafi na gaba.

Haka na kai su makaranta. Malama ta ba ni rabin maki, ta riƙe guntun ɓawon tana nuna wa aji. Abin da na koya kaɗan ne: in abu mai rai ya ruɗa ni, in zauna kusa da shi da littafin.