Kawu da Igiyar Siriyal

Jiya na ga wata tsohuwar igiyar siriyal, wayar haɗa kwamfuta da na'ura, a kasuwa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. A shagonsa na Birnin Gwari, cikin ƙaurin dalma, ya koya mini haɗa kwamfuta da famfon sola. Ranar da saƙonnin da famfon ke aika wa kwamfutar suka riƙa ɓacewa, ya leƙo ya ce, "Ɗana, in saƙo ya katse wa kwamfutar aiki, sa ta karɓa ta ajiye, ta koma aikinta. In ta tsaya lissafi, na bayansa ya wuce."

Wata rana zai je Randagi gyaran famfo, 'yan bindiga suka harbe shi saboda babur ɗinsa. Ban yafe ba. Allah Ya jiƙan Kawu. Su kuwa, Allah Ya hana su sakat a dajin nan, Ya nuna mini ƙarshensu da idona.