Mai Tabon Manja Na Biyu

Wata Asabar ce cikin kakar 1993, hantsi ya ɗaga, Baba ya kinkimo akwatin littattafaina daga ɗakin Inna ya dire shi a tsakar gida, ya ɗora kwalin ashana a kan murfin. Shekarata goma sha biyu a lokacin, ina aji shida a firamaren ƙauyenmu da ke yankin Kurugu. Laifina kuwa ba ƙarami ba ne. An bar ni gadin shanyar gyaɗa a bayan rumbu, na raɓe a inuwa na buɗe littafi, awakin maƙwabta suka shigo suka ci suka yi nak da gyaɗar da muka kwana uku muna tsinka. Ni ina can ina sharar hawaye saboda wata yarinya da ba a taɓa haihuwarta ba.

Yayana ne ya tara littattafan sanda yake makarantar kwana, da ya tafi Kano aiki ya bar min su. Sun bi hannu har sun gaji, babu ko ɗaya mai bango. Ba mu san sunayensu ba, balle na waɗanda suka rubuta su, sai muka raɗa musu namu. Akwai Cin Gara, akwai Mai Ƙonannen Gefe, akwai Ɗan Siriri, akwai Mai Tabon Manja. Da waɗannan sunaye duk unguwa ta san su, kuma ni ce mai rabo. Ba yabon kai ba, na iya aikin nan. A filin makaranta, ana carafke ko 'yar gala-gala, yarinya za ta jawo ni gefe ta ce, "Na gama wancan, wanne kuma?" In na ga mai saurin kuka ce, in ba ta Cin Gara, na soyayya, ta sha kukanta ta ƙoshi. Mai tsiwa in haɗa ta da Ɗan Siriri, labarin wani wawan attajiri ne, dariya har ciwon ciki. Maza masu langa Mai Ƙonannen Gefe suke so, na yaƙi da takubba. Akwai na aljanu guda biyu, su kam ba na bai wa matsoraci, don na taɓa yi uwar yarinyar ta zo har gida ta wanke ni tas. Har amaren unguwa sukan aiko a tambaye ni wanne za su karanta gaba.

Duk wannan mulki nawa ne ke shirin zama toka a gabana. Inna tana bakin murhu ta ci gaba da girkinta, domin ita ma gyaɗar ta yi mata ciwo. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi laifi, a dake ni. Amma ka bari in zaɓa maka ɗaya in karanta maka. In bai yi maka ba, a ƙona." Baba ya yi karatun allo mai zurfi, amma bai san baƙin boko ko ɗaya ba, kuma a wurinsa duk littafin da ba na addini ba shirme ne. Ya dube ni ya ce, "To. In bai yi ba, da shi zan fara, kuma ke za ki ƙyasta ashanar."

Ban taɓa shan wuyar zaɓe irin ta ranar ba. Na soyayya, ko kusa. Kunya ma ba za ta bar ni in buɗe baki ba. Na dariya, zai ce ga shirmen da yake faɗa. Na yaƙi, ƙarya ta yi masa yawa. Sai na tuna Baba mutumin shanu ne, kuma in dabba ta ɓata a ƙauyenmu shi ake kira ya bi sawu. Na zaro Mai Tabon Manja, labarin wani manomi da aka sace masa san noma ana gab da damina, ya bi sawun ɓarawon gari gari. Ƙawayena duk sun ƙi shi, wai babu budurwa a ciki.

Bayan la'asar muka zauna a zaure, yana ɓarar ragowar gyaɗar, ina karatu. Shafi biyar bai ɗago ba. A na shida ya ce, "Wannan bai san shanu ba. San da aka kora da gaggawa ba haka yake taka ƙasa ba." Na rufe littafin. Sai ya ce, "Wa ya ce ki tsaya?" Kwana uku muka yi a haka, yana musu da marubucin, yana gyara wa manomin hanya, gyaɗa na taruwa a ƙwarya. Ran na uku sawun ya kai manomin ƙofar gidan wansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ɗaga hannu zai yi sallama, shafi ya ƙare, aka ce a nemi littafi na biyu. Na biyun kuwa ba mu taɓa mallakarsa ba, kuma wallahi na manta da haka sanda nake zaɓe. Baba ya ture ƙwaryar ya ce, "Wane irin mutum ne zai kawo ka bakin ƙofa ya tafi ya bar ka?" Ya tashi ya fita ransa a ɓace. Na ce shi ke nan, na kashe kaina da kaina.

Ranar kasuwar Rogo ya ɗauki kekensa da sassafe, ba shi da abin sayarwa, bai kuma gaya wa kowa abin da zai kai shi ba. Sai da ya dawo ya ba mu labari da bakinsa. Wai ya je wurin mai baza littattafai a kan tabarma, suka gaisa, ya ce da shi, "A ba ni Mai Tabon Manja na biyu." Mutumin ya ce tun da yake bai taɓa jin wannan suna ba. Baba ya ce, "Haba malam, littafin da duk garinmu an san shi?" Da aka gane inda sunan ya samo asali, aka yi ta dariya har da masu tireda na kusa. Baba bai ji kunya ba. Ya jingine keke ya tsuguna, ya ɗauko labarin tun daga satar sa har ƙofar gidan wan, mutane suka kewaye shi suna saurare. Nan mai littattafai ya tafa hannu, ya tono na biyun daga ƙasan buhu. Baba ya miƙo min shi a tsakar gida, sabo fil da bangonsa, ya ce, "Mayar da akwatinki ɗaki. In mun gama wannan, ki duba min wani." Farin cikin da na ji ranar, ko sakamakon jarrabawa bai taɓa ba ni irinsa ba.

Yanzu littattafai sun cika waya, kowanne da sunansa da na mai shi, kuma har yau mutane kan aiko min saƙo su ce in faɗa musu abin karantawa. Ina rubuta musu jeri, su yi godiya, ban san fuskarsu ba balle halinsu. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na zaɓa wa mutane da yawa littafi, amma shi kaɗai ya taɓa taka keke har Rogo saboda zaɓina.