Ceɗiyar da Ta Hau Giginyarmu

A gidanmu na Minanata akwai giginya guda, ta girmi gidan, domin mahaifinmu ya same ta a filin ya kewaye ta da gini. Ɗakin Inna, mahaifiyata, yana gindinta.

Abin ya zo ne a jere. Da farko tsuntsaye suka yar da ƙwayar ceɗiya a kwarmin wani tsohon reshe, can sama. Ganye ya fito, bai kai tafin hannu ba. Na ce a cire, domin ni ba na son abu ya zauna inda ba wurinsa ba. Inna ta hana.

"Bar su," in ji ta. "A daji ma haka itace ka zama, wani bisa wani. Mi ta ci maka?"

Daga nan saiwoyi suka sauko kamar igiyoyi har suka kama ƙasa. Sannan suka yi kauri, suka haɗe, suka naɗe giginyar tun daga gindi. Inuwa ta yalwata, mata suna tsinkar ganye ga awaki, kowa yana yabo. Ni kuwa ina kallon sama. Giginya ta daina 'ya'ya. Bayan haka kanta ya bushe.

Na kira mai saran itace daga Mabera. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa gangar giginyar da ƙotar gatari, muka ji ta amsa kamar turmi.

"Malam, ta mutu a tsaye," ya ce. "Ceɗiyar ce ta kashe ta, ita ce kuma ke riƙe da ita. In na sare wannan, waccan ta faɗi. In na hau waccan, mu faɗi tare. Ina da iyali."

Ya saɓa gatarinsa ya tafi.

Na roƙi Inna ta koma ɗakin da ke kusa da zaure. Ta ce nan aka kawo ta, nan za a ɗauke ta. Na turo ƙanenta, ta ba shi fura ta sallame shi.

Hadarin farko na damina ya taso da la'asar. Iska ba ta yi wani ƙarfi ba, ko kwanon rufi bai ɗaga ba. Ina zaure na ga Inna ta fito da tabarma da butarta, ba ta ko tsaya sa takalmi ba. Na tambaye ta abin da ta ji.

"Rufe ɗakin nan," ta ce. "Kada ɗiyan kowa su shiga."

Na sa kwaɗo. Itatuwan suna nan tsaye, ɗakin kuma a rufe.