Halmoni Pyo ta saki sunan ƙanina a iska

Tsakani da Allah, in tsohuwa ta tare ki a ƙofar coci ta ce ki gaya mata ranar da aka haifi ƙaninki, kuma wai ta lissafin wata take so, me za ki ɗauka?

Halmoni Pyo nake nufi, wato Kaka Pyo da Koriyanci, duk mai zuwa cefane unguwar Eastwood ya san ta, gajeriyar nan mai hular rana da ta rufe mata rabin fuska, tana jan keken cefane mai ƙara. Da safe ɓare tafarnuwa take yi a bayan shagon kimchi, kabejin tsamin nan namu, shi ya sa kafin ki gan ta hancinki ya riga ya gaishe ta. Mutuniyar Tongyeong ce, bakin teku can Koriya, babanta sana'arsa yin yon, jirgin takardar nan mai zare da ake sakar wa iska. Mijinta mai walda ya kawo ta Sydney, ya rasu tun ba a haife ni ba, ta yi ta sharar ofis-ofis har bayanta ya lanƙwashe. 'Ya'ya kuwa wasu sun ce akwai ɗaya a Perth ba ya ko kiranta, wasu sun ce babu, ita ba ta cewa uffan. Abin da ake faɗa a kicin ɗin coci shi ne wai uwarta 'yar bori ce. Wa ya gani? Babu. Amma ana faɗa, kuma in ta shigo sai kowa ya koma yankan albasa.

Ita ke riƙe ajin ƙanana a makarantar Asabar ta cocinmu. Ba ta amfani da allo, garin shinkafa take damawa ya zama gam, ta zube tsinken gora da takarda a ƙasa, yara su yi ta haɗa baƙaƙe da tsinke, su yi mafici, su yi 'yar jakar sabuwar shekara. Almakashi kuwa ba za ta ba yaro ba sai ya roƙa da Koriyanci, ko zai yi kuka har majina.

Ƙanina Chan shekararsa biyar, da can Turanci kawai ya iya, in kakarmu ta Daegu ta kira waya sai ya ɗaga hannu ya ruga, ita kuma ta yi ta share hawaye. Da ya shiga ajin nan ba a daɗe ba ya daina kiran sunana gatsal, ya koma ce min Nuna, wato Yaya, har ya zauna ya ba kakarmu labarin kyanwa, rabi daidai rabi shirme. Omma, wato mamanmu, ta yi murna har da kai wa Halmoni Pyo lemo kwali guda.

Sai ga zancen ranar haihuwa. Na ce, "Halmoni, me za a yi da ita?"

Ta ce, "Miya zan yi da ita. Ke dai faɗa min, sarkin tambaya."

Na faɗa mata, don ba a yi wa babba musu. Ashe duk yaran ta bi ta karɓa. Asabar ta gaba kowa ya zo gida da gam har gira, wai sun yi yon mai rami a tsakiya, kowa ya rubuta sunansa da hannunsa, ita kuma ta ƙara ranar haihuwa da wasu manyan baƙaƙe irin na da, waɗanda ko Omma ba ta iya karantawa ba. Yon ɗin ma ba ta bari sun zo da shi gida ba. Nan na fara cewa anya.

Ranar da farin watan farko na sabuwar shekarar Koriya ya cika ta kwashe su zuwa filin bayan coci, iyaye na biye. Kun san Fabrairu a nan, zafi kamar a gasa mutum, ciyawa ta bushe ƙayau, tun safe rediyo ke cewa kada wanda ya kunna wuta a waje. Yon suka tashi, yara na ihu, Chan na tsalle yana cewa da Koriyanci, "Nuna, duba nawa, ya fi na kowa!"

Kawai sai na ga tsohuwar nan ta ciro auduga daga aljihu ta ɗaura a zaren Chan, ta ƙyasta ashana. Audugar na hayaƙi, iska na tura ta sama a jikin zaren, can sai zaren ya tsinke, yon ya yi gaba abinsa. Kafin a ankara ta yi wa na biyu da na uku. Guntun auduga ya faɗo cikin ciyawa ta kama da wuta, wani Bature mai yawo da kare ya taho yana zage-zage yana daddanna waya, matar fasto ta juye tulun shayin sha'ir gaba ɗaya a kai, ta bi da takalmin cocinta tana tattakawa.

Omma ta fizgo Chan. "Halmoni, mene ne wannan? Me kika rubuta a jikin abin ɗana?"

"Kwantar da hankalinki, Maman Chan. Masifar shekara ce na sallama, ta tafi ke nan. Haka babana ya yi min duk shekara, ga ni har yau ko haƙori ban rasa ba."

"Mu Yesu ne ke ɗauke mana masifa!"

"To na hana shi ne? Kaya na rage masa."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, matarsa ta zungure shi. Omma kam ba ta yi ba. Ta ce sunan ɗanta da ranar haihuwarsa suna can suna yawo a sama, ko bayan gidan wa za su faɗa oho, kuma a filin coci aka yi mata tsafi da ɗa tana tsaye. Fasto ya ba Baturen haƙuri har da sunkuyawa, ya ce an dakatar da ajin sai dattawa sun zauna ranar Lahadi. Omma ta ce ko sun zauna ko sun kwanta, Chan ba zai koma ba sai ta ga yon ɗin nan da idonta, an karanta mata abin da ke jiki.

Jiya na bi Halmoni bayan shago, na same ta kan kujera 'yar tsugune da kwandon tafarnuwa. Na ce ta taimaka mu nemo shi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba a ɗaukar yon da aka sallama. Wanda ya ɗauka ya ɗauki abin da ke ciki. Ki dawo da shi gida, kin dawo wa ƙaninki da kayansa."

Na ce, "To shi wanda ya faɗa wa gida fa, laifin me ya yi?"

Sai ta miƙo min tafarnuwa ɗaya wai in tauna, na rame. Ba ta amsa ba fa! Kun ga abin da nake faɗa? Na tambaye ta su wane ne suka taɓa karanta manyan baƙaƙen nan ban da ita, ta ce duk wanda ya yi makaranta ya san su, wato ni ce jaka. Wataƙila gaskiya ne addu'a ce kawai. Wataƙila kuma ba ita ba ce. Ni ban yarda da ita duka ba, amma Chan tun ranar ya koma Turanci, kakarmu ta kira ya shige ƙarƙashin tebur, kuma ba wani a cocin nan da zai zauna a ƙasa da yara yana dama gam.

Don haka ga abin da na yanke. Iskar ranar wajen unguwar Epping ta yi. Yon ɗin fari ne, mai rami a tsakiya, da jar da'ira a goshi, sunan a karkace yake don Chan da hagu yake rubutu. In yana kan rufinku ko bishiyarku kada ku taɓa, ko da sanda, ku ɗauki hoto kawai yadda baƙaƙen za su fito, ku turo min in nuna wa Omma kafin Lahadi. Don Allah ku tura wa duk wanda kuka sani a wajen, har Turawan ma.