Keken da Tizhe Kwaji Ya Gasa a Rana

Tizhe Kwaji malamin kimiyya ne a wata sakandare a Mubi, amma mutanen unguwarsu ta Lokuwa da keke suka fi saninsa. Ba ya yi wa kowa gyara. Nasa yake ƙerawa ranakun Asabar, kuma ba da ƙarfe ba.

Ƙanwarsa Dibora, mai aikin jinya a Turai, ita ta fara ba shi labarin kekunan tsere da ake yi da zaren kabon, wani baƙin yadi wanda in an jiƙa shi da gam ya bushe, sai ya yi tauri kamar ƙarfe, ga shi ba nauyi. Tizhe ya hana ta sakat har sai da ta aiko masa da ƙunshi guda.

Da ɓargon kara, irin wanda yara ke yin motoci da shi, ya haɗa siffar firam, wato gangar jikin keken. Ya naɗe shi da yadin da ya jiƙa da gam, ya matse da robar tsohon tiyub, ya sa a cikin baƙar ganga, ya bar wa ranar Mubi sauran aikin. Na farko ya karye da shi a hanyar Mayo Bani, a gaban mata masu dawowa daga gona. Ya dawo gida da taya a kowane hannu, gwiwa tana jini.

Matarsa Margret ta ce, "Baban Beauty, mu sayi keke irin na mutane mana."

Ya ce, "Na gano matsalar. Gefe ɗaya na jera zaren. Na biyu ba zai karye ba."

Bai kuwa karye ba.

A watan Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, mota ta gagara, kowa ya kama daji da ƙafa. Surukarsa Miriyamu kuwa ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta tafiya. Tizhe ya ɗaura matashin kai a kan sirdi.

Tsohuwar ta dubi keken ta ce, "Wannan abin karan? Ku bar ni a nan."

"Mama, ki hau. Ni na yi shi, na san abin da zai iya ɗauka."

Ta hau. Yana turawa, Margret na riƙe da ita, 'yarsu Beauty na biye da kaya a ka. Suka wuce Duvu, suka shiga duwatsu. Inda hanya ta ƙi, sai Tizhe ya goya surukarsa, Beauty ta rataya keken a kafaɗa ɗaya.

Wani manomi mai suna Gabdo ne ya sauke su a wani ƙauye kusa da iyakar Kamaru. Bai san su ba, amma ya kwashe gyaɗa daga ɗaki ya ba su wurin kwana, suka zauna har ƙura ta lafa. Ranar komawa, Tizhe ya jingina keken a jikin rumbun Gabdo, ya ce na gidan ne. Gabdo ya ƙi, Tizhe ma ya kafe, daga ƙarshe suka bar masa keken, suka taho a bayan wata akori-kura.

Sun tarar an fasa gidansu, an yi wa kayan aikinsa kaca-kaca. Kafin ya gyara ƙofa, sai da ya fara share rumfar da yake ƙera keke.

Gabdo yakan shigo Mubi ranar kasuwa a kan keken, da buhun wake a baya. Tizhe yakan fito ya ƙwanƙwasa firam ɗin da farce, ya kasa kunne, ya ce, "Lafiya lau yake. Ka rage kaya dai, Malam Gabdo."