Gaisuwar Ya Kaltum

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka je Khaddamari ɗaukar hoton Ya Kaltum. A lokacin sabuwa ce ni fil. An ɗauke ni a matsayin jami'ar rajista a sashen haɗa iyalan da rikici ya raba, aka miƙo mini kyamara, ni da ban taɓa ɗaukar hoto da wani abu ba in ba waya ba.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su sani ba. Idan wani ya zo neman ɗan'uwansa, mukan ɗauki bayaninsa da hotonsa mu tura wa abokan aikinmu na wasu garuruwa, har tsallaken iyaka. Ba a shirya wa kowa tafiya sai ɗaya ɓangaren ya kalli hoton ya ce, "Na shaida shi." Suna kaɗai ba ya isa, domin a Borno in ka tsaya a kasuwa ka kira Modu, rabin kasuwar ne zai waiwayo.

Ya Kaltum tsohuwa ce Babarbariya, ɗanta Modu take nema. An sami wani Modu a Nijar mai neman uwa Kaltum, aka nuna masa hoton da aka taɓa ɗaukar ta da waya. Hoton ya fito dishi-dishi. Ya kalla ya kalla, ya ce ba zai iya rantsuwa ba, zanen fuskar gidansu ba ya fitowa. Shugabar sashenmu ta kira ni ta ce, "Hadiza, ki je ki sake. Tsohuwar nan ba ta da lafiya, in wannan ma bai fito ba, ban san ko za ta kai wani zagayen ba." Ta haɗa ni da Baba Yohanna.

Baba Yohanna mutumin Biu ne, ya yi shagon hoto a unguwar Umarari tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Barbarci a bakinsa kamar a gidan Shehun Borno aka yaye shi. Ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya, kuma yana da tsokana. A mota ya dubi yadda na rungume kyamara ya ce, "'Yata, sassauta mata, ba za ta gudu ba."

Mun same ta a wata rumfar zana, ciki duhu-duhu. Na durƙusa na gaishe ta, na ɗaga kyamara. Nan take ta sunkuyar da kai, ta fara tafa hannu a hankali tana gyaɗa kai: "Wushe, wushe." Haka tsofaffin Barebari suke karɓar baƙo. Na ce, "Kaka, ki ɗan tsaya cik." Ta ɗauka wata gaisuwar ce, ta ƙara: "Wushe, wushe, kalewa." Na ɗauka, na duba, kanta ya zama biyu a hoton. Na kunna filasha, fuskar ta fito fau, zanen ya ɓace gaba ɗaya, ita kuma ta tsorata ta ja lafayar da ta yafa ta rufe baki. Na ba ta haƙuri, haƙurin ma ta amsa da tafi. Sai na miƙa wa Baba Yohanna kyamarar.

Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ke aka aiko, ni rakiya na yi. Kashe filashar nan tukuna."

Ya sa aka jawo tabarmarta zuwa bakin rumfa, inda haske ke shigowa ta gefe. Ya bayyana mini cewa idan wuri ba haske, kyamara takan daɗe da ido a buɗe, duk ɗan motsi sai ya ɓata hoton. Hasken gefe kuma shi ke sa zane ya yi inuwa ya fito, na gaba shafe shi yake yi. Ya zaunar da ni ƙasa, ya ce in kafa gwiwar hannuna a kan gwiwar ƙafata. "Ɗan akwatin nan da kike gani a gilashi, ɗora shi a kan idonta, ba a kan lafaya ba. Danna rabi, ki ji ta yi ƙara, ki riƙe. In lokaci ya yi, fitar da numfashi ki ƙarasa dannawa a hankali. Kada ki caka mata yatsa kamar mai kashe kiyashi."

Na ce, "Baba, to ai ba ta tsayawa."

Ya ce, "Ba ta gama gaisuwa ba ne. Ke kika katse ta."

Sai ya cire takalmi ya zauna kusa da kafaɗata, ya soma gaishe ta da Barbarci. Ya tambayi kwana, ya tambayi jiki, ya tambayi zafi, ya tambayi maƙwabta, shi ma yana tafa hannu yana gyaɗa kai. Ta amsa, ta mayar masa, ya amsa. Yatsana ya gaji a kan madanni, raina ya fara ɓaci, ina cewa a zuciyata yau dattijon nan hira ya zo yi. Sannu a hankali tafin ya ragu, har hannayenta suka sauka kan cinya. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran abin tambaya.

Sannan ya yi mata wata tambaya guda, murya ƙasa-ƙasa. Daga baya ya faɗa mini abin da ya ce: "Ya Kaltum, Modu da wa ya yi kama?"

Ta ɗago kai. Ta dube shi ido cikin ido, ba ta ko ƙifta ba, kamar tana neman fuskar yaron a tasa. Na fitar da numfashi na danna.

Na faɗaɗa hoton a gilashin kyamara. Kowane layi na zanen ya fito, har da wani ɗan tabo da ya raba girarta ta hagu, wanda ni da nake zaune gabanta ban lura da shi ba. Baba Yohanna ya leƙa ya ce, "To, kin zama mai hoto. Saura ki koyi gaisuwa."

Bayan 'yan kwanaki abokin aikinmu na Nijar ya bugo waya. Ya ce Modu bai tsaya ƙirga zane ba. Yatsa ya ɗora a kan girar, ya ce shi ya ji mata wannan ciwon da marfin kwano yana ƙarami, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Kafin ƙarshen damina aka kawo shi Khaddamari, ya same ta da ranta.

Ni dai ban taɓa ganin gwani irin Baba Yohanna ba, kuma ina faɗa a gabansa ko a bayansa. Haske, da kafa hannu, da ɗora saiti a kan ido, ku sababbin shiga aikin nan duk za ku koya cikin mako guda, in ma kun manta kyamarar yanzu tana taimakawa. Rabin motsin da ke ɓata hoto ne kawai yake hannunku. Ɗaya rabin yana jikin mutumin da ke gabanku, shi kuma ba a tsayar da shi da umarni. Don haka in kun je gidan tsohuwa, ku ajiye kyamara a cinya, ku bari ta gama gaishe ku.