Fatar Bagaruwa da Baƙon Italiya

Ban taɓa mantawa da ranar da na buɗe baki a gaban manaja ba, ni da ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin in amsa. Lokacin ina aji biyu na babbar sakandare, ina aikin hutu a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da mata ke jera fatu suna ɗaurewa.

Jima iri biyu ake yi a wurin. Akwai ta sinadari, wadda injuna ke gamawa da sauri. Akwai ta bagaruwa, ta hannu, wadda mahaifina da mutum uku ke yi a wata rumfa ta baya. An riga an gaya musu ƙarshen wata za a rufe rumfar, wai ba ta da kasuwa.

A makon ne wani dattijo ya zo daga wani ƙaramin gari a arewacin Italiya. Kwana ɗaya ya yi aka sa masa suna Mai Hasumiya, don duk wanda ya gaishe shi sai ya nuna masa hotunan garinsu: hasumiyar agogo a tsakiyar kasuwa, gadar dutse, da ɗakin karatu inda aka adana littattafan sunayen duk wanda aka haifa a garin tun kaka da kakanni. Bangon littattafan ne ya fara lalacewa, shi ne majalisar garin ta turo shi neman fatar akuya.

Manaja ya sa muka baje masa fatu masu lamba ɗaya, sai sheƙi suke. Dattijon ya girgiza kai. Aka kawo wasu. Haka har azahar. Hajiya Ladi, shugabar sashenmu, ta ce, "Wannan ko fatar damisa aka ba shi, cewa zai yi zanen ya yi yawa."

Ni kuwa na lura ba sheƙin yake dubawa ba. Kowacce sai ya kai ta hanci, sannan ya lanƙwasa gefenta ya sake. Ta sinadari ba ta tsayawa, miƙewa take yi.

Na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ina jin ta bagaruwa yake nema."

Manaja ya ce, "Ke 'yar wa ce?"

"'Yar Malam Sani, na rumfar baya."

"To, ai dole ki ce haka."

Aka yi dariya, na sunkuyar da kai. Hajiya Ladi ta ce, "Yallaɓai, wata guda ke nan yarinyar nan ba ta ce uffan ba. Tun da ta yi magana, a gwada."

Aka kira Baba. Ya shigo da jar fata ɗaya a kafaɗa, yana ɓoye hannuwansa da suka rine. Dattijon ya sansana, ya rufe ido. Ya lanƙwasa gefenta, gefen ya tsaya cak bai miƙe ba. Ya ce da Turanci, wannan ne ƙamshin ɗakin karatunsu, tun yana yaro. Ya tambayi kwana nawa za a yi a haɗa masa.

Baba ya ce, "A gaya masa ba a yi mata gaggawa. In ta nuna, zan faɗa."

Dattijon ya ce zai jira. Ba a rufe rumfar ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar fata baki ba ya faɗin komai. Hannun mai saye ake kallo, da hancinsa. Na kuma gane cewa mutanen rumfar baya ba baya aka bar su ba, masu neman aikinsu ne suke nesa.